Suna na Huɗu a Kan Takarda

6 ga Maris

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da Inna. Yaya gwiwar? Umma ta ce ka daina shan maganin, wai yana sa ka barci da rana. Haba Kawu, mutumin da ya yi ritaya, in bai yi barcin rana ba me zai yi? Ka koma kansa don Allah. Mu nan lafiya lau, sai ɗan tarin da ƙurar alli ke sa ni.

Na so in kira ka a waya, amma na san yadda za ta kaya. In yi ta ihu, maƙwabtana su ji labarin kaf, kai ba ka ji ba. To ga shi a rubuce: an karɓi takardar bincikenmu!

Ka sha tambayata wace irin kwamfuta nake gyarawa. Ba na gyara komai, Kawu. Aikinmu da alli da allo ne. Hujjar lissafi muke kawowa cewa wani aiki, komai ƙarfin kwamfuta, ba za ta gama shi a ƙasa da lokaci kaza ba. Shekara uku ina fama da hujja guda. A fanninmu, babban taron shekara shi ne inda ake buga aiki, kuma cikin takardu biyar da ƙyar su ɗauki ɗaya. Wanda ya tsaya gaban mutanen nan ya yi bayani na minti ashirin, daga ranar an san da zamansa.

Taron a ƙasar waje za a yi, tara ga Yuli. Jami'armu ta ce ba ta da halin tura kowa. Amma masu taron suna da tallafin tafiya na matasan masu bincike, tikiti da masauki da kuɗin shiga. Sharaɗin shi ne kada mutum ya wuce shekara biyar da gama digirin dakta, ni kuwa ina cikin ta biyar. Bana ce ko babu. Na cika fom, Farfesa kuma, matar nan da ta duba aikin digirina a can waje, ta rubuta min takardar shaida, ta ce ni zan yi bayanin. In kwamitin ya amsa cikin Afrilu sai in garzaya ofishin jakadanci, don biza takan ci mako shida.

Ga kwafin shafin farko da na takardar karɓa, ka nuna wa Inna. Kada ka nemi sunana a sama, ka gangara. Mu huɗu ne, kuma ni da na yi rabin aikin ni ce a wutsiya. Kullum haka ne, har na saba.

A sa ni a addu'a.

'Yarka,
Mai Alli


18 ga Maris

Mai Alli,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya. Gwiwa da sauƙi, magani kuwa ba zan sha ba, Ummanki ta daina kai ƙarata. Innarki na gaishe ki. Ta riƙe shafin nan a juye, ta yi ta kallo tana hawaye, ban gyara mata ba.

Allah ya yi miki albarka. Shekara huɗun da kika yi a gidanmu na can kina jami'a, kafin in yi ritaya mu dawo gida, babu bangon da ba ki cika da alli ba, har bayan ƙofar kicin, ni ina faɗa ina biyan mai fenti. Ashe abin da ake shukawa ke nan. Na yafe fentin.

Sai dai akwai layi ɗaya a wasiƙarki da ya tsaya min a wuya. Kin yi rabin aiki, an sa ki ta huɗu, wai kuma har kin saba. Kin saba da me?

Ki saurare ni, don wannan ba lissafi ba ne, fannina ne. Shekara talatin da ɗaya na yi a ofishin rajistara na wannan jami'ar da kike koyarwa, goma sha biyu daga ciki a kan teburin ƙarin girma. Fayil ɗin malamai ta hannuna yake bi. Sunan farko shi ke kwashe maki, na biyu ya samu ɗan abin da ya samu, na huɗu kuwa don kunya ake sa shi, irin wanda ya wanke kwalabe a ɗakin gwaji. Na taɓa ganin wani malamin kimiyyar sinadarai, mutum da furfurarsa, ya zauna a kujerar gabana yana kuka kamar yaro. Shekara shida yana aiki, maigidansa na ɗora sunan kansa a sama. Na san gaskiya tasa ce, ban ce uffan ba, don ina tsoron kujerata. Har yau in na tuna shi sai abinci ya fita raina.

Ke kuma na san halinki. Ko taka ki aka yi, ke ce mai ba da haƙuri. In kina jin nauyin Farfesa, ni ba na jin nauyinta, ba ta koya min ko baƙi ɗaya ba. Ki rubuto min gaskiyar yadda aka yi. In mako biyu ya wuce ban ji daga gare ki ba, zan ɗauka abin ya fi ƙarfin bakinki ne, kuma na san abin yi.

Kawunki


8 ga Afrilu

Mai Alli,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, da fatan ke ma haka.

Mako uku shiru. Na gane, kuma ban ga laifinki ba. Ki kwantar da hankalinki, an gama.

Na sa sabon ƙyalle a tafireta, na zauna na tsara wa kwamitin tallafin wasiƙa shafi biyu, da Turancin da aka koya mana, ba irin na yanzu ba. Na ce musu kin yi rabin aikin da bakinki, an danne ki an kai ki ƙarshe, kuma su binciki Farfesa kafin a buga komai. Ina da ragowar takardun ofis masu tambarin jami'a da na taho da su, a kan su na buga don su san ba da wasa aka zo ba. Na sa hannu da muƙamina. Matar nan mai shagon fotokwafi ta bakin kasuwa ta ɗauki hotonta, ta tura ta adireshin imel da ke jikin takardar karɓarki. Washegari suka amsa cewa sun gani kuma za su duba. Kin ga aikin manya.

Innarki ta ce in jira in ji ta bakinki. Na ce mata wancan karon jira na yi.

Kawunki


21 ga Afrilu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni ba ni da lafiya, kwana biyu ban iya cin komai ba. Na kira sau uku, Inna ta ɗaga, ta ce ka ce in rubuto. To ga shi.

Kawu, me ka yi? Me ka yi min?

A fanninmu ba a jera sunaye bisa yawan aiki. Bisa haruffa ake jerawa, daga A zuwa ƙasa, kowa da sunan mahaifinsa. Haka ake yi tun kafin a haife ni, don a wurinmu hujja ba ta rabuwa kashi-kashi, wani ya kawo dabara, wani ya ga inda ta karye. Sunan Baba da harafin kusa da ƙarshe ya fara, shi ke nan duk zancen. Farfesa kanta ta uku ce, ba ka duba ba? Na farkon ɗalibi ne da bai ma gama digiri ba. Wasa nake yi maka, Kawu. Wasa!

Ranar Litinin kwamitin ya aiko min da saƙo. Sun ce ƙorafi ya zo musu daga jami'ata, a kan takardar hukuma, kan wanda ya yi aikin. Dokarsu kuwa in irin wannan ya taso, ana dakatar da tallafi har sai wani kwamiti daban ya bincika. Kowannenmu, mu huɗun, zai rubuta bayani. Na tambaye su yaushe za a gama, suka ce ba su sani ba. Sauran da suka nema duk an ba su amsa tun makon jiya.

Farfesa ta kira ni. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce, "Shekara takwas muna tare. In akwai abin da ke ranki, me ya hana ki faɗa min?" Na ce, "Wallahi ban san da wasiƙar ba." Ta ce, "Amma kalmomin naki ne, ko? Rabin aikin." Nawa ne kuwa.

Shugaban sashenmu ma ya kira ni ofis, yana tambayar yadda aka yi takarda mai tambarin rajistara ta fita waje ba da sanin kowa ba.

Ba zan ɓoye nawa laifin ba. Wasiƙarka ta farko ta iso a kan lokaci. Na ga bugun tafiretarka a bayan ambulan, na ce wannan sai na gama makin jarrabawa in karanta ta a natse da shayi. Takardun ɗalibai ɗari uku suka hau kanta. Sai da ta biyu ta zo na buɗe su tare, na karanta su a tsaye. Layi biyu da na rubuta maka da sun isa.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka sake rubuta wa kowa komai, ko na ban haƙuri ne. Kowace sabuwar takarda sai sun sake zama a kanta.

Mai Alli


4 ga Mayu

Mai Alli,

Wa'alaikumus salam. Jiki dai ga shi nan. Innarki na gaishe ki, ta ce ki ci abinci.

Da na karanta wasiƙarki, fushi na fara yi, ba zan yi miki ƙarya ba. Na ce wane irin fanni ne wannan da ake jera malamai kamar rajistar 'yan firamare? Na ce an dai rufe miki baki ne da wannan zance. Na sa hula na tafi shagon fotokwafi, na ce wa matar ta buɗo min jerin takardun taron bara. Ta buga min shafi shida. Na zauna a bencinta na bi su da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, ina neman guda da ta saɓa. Na kai ta arba'in ban samu ba. Matar ta ce, "Baba, in kawo ruwa?" Na ce ta bar shi. Da ƙyar gwiwa ta kawo ni gida.

Shekara talatin da ɗaya ina koya wa ƙananan ma'aikata cewa ba a sa hannu a kan abin da ba a bincika ba. Na kori mutum daga teburina saboda bai duba shafi na biyu ba. Ni ga shi shafi ɗaya tal na aikin aka aiko min, sunan matar na uku ƙuru-ƙuru, ban gani ba. Ba ke nake gani ba lokacin da nake bugawa, mutumin nan mai kuka nake gani. Na so in biya shi ne, sai na zare daga jikinki.

Innarki ba ta ce "na faɗa maka" ba. Ta dai ɗauke tafireta daga kan tebur ta ɗora a saman kabad, inda ta san ba zan iya hawa ba. Ragowar takardun tambarin kuma ni da kaina na ba ta ta hura wuta.

Hannuna na ƙaiƙayi in rubuta wa Farfesa in ce ni ne, tsoho ne ya yi wauta, yarinya ba ta da laifi. Na tsara ta a kaina ya fi sau goma. Amma kin ce kada, kuma wannan karon zan ji. Da ina da abin sayarwa in tura ki da kaina da na sayar, to kin san yadda fansho yake.

Ba na cewa ki yafe min yanzu. Ki dai sanar da ni yadda ake ciki, ko layi ɗaya ne. Na iya ƙidayar mako shida daga tara ga Yuli zuwa baya, kullum da safe sai na ƙidaya.

Kawunki


24 ga Yuli

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, kai da Inna. Umma ta ce ka rame, kuma ka daina fita zaman ƙofar gida. Ka yi haƙuri da shiruna. Na fara maka wasiƙa sau huɗu ina yagawa.

Ban je ba.

Kwamitin ya gama bincike ashirin da bakwai ga Yuni. Sun wanke kowa, sun amince da tallafin, har da kalmomin ban haƙuri masu daɗi. Ranar na je ofishin jakadanci da takardar a hannu. Mai tagar ta duba kwamfutarta ta ce layin farko da ke akwai sai tsakiyar Agusta. Na roƙe ta har na ji kunyar kaina. Ta ce, "Malama, da kin zo a Afrilu." Na rubuta wa masu taron ko za a ɗage min zuwa baɗi, suka ce tallafin na taron bana ne, baɗi kuma na wuce shekarun.

Farfesa ce ta yi bayanin. Na kalla ta intanet a ofishina, ƙarfe uku na rana, na rufe ƙofa, fankar sama na ta ƙara. Ta yi shi da kyau, ta ambaci sunana sau biyu. Da aka zo tambayoyi sai wani dattijo ya miƙe, mutumin da littafinsa na karanta har bangon ya cire. Ya yi tambaya kan mataki na uku na hujjar, daidai wurin da na shekara ina fama. Farfesa ta ce, "Wadda za ta fi amsa wannan ba ta samu zuwa ba." Ya ce, "Ayya," ya zauna. Kawu, amsar tana bakina. Na faɗe ta da ƙarfi, ni kaɗai a ɗaki. Daga nan aka tashi shan shayi, hoton ya tsaya a kan kujeru. A wurin shayin nan ne ake sanin juna, a nan ake cewa zo mu yi aiki tare.

Tsakanina da Farfesa babu faɗa. Sai dai yanzu duk saƙon da za ta aiko min sai ta sa sauran biyun a ciki, kuma ta ce kafin mu fara sabon aiki kowa ya rubuta abin da zai yi ya sa hannu. Da can da tsakar hira take turo min hoton dabarar da ta rubuta a bayan takardar cefane.

Na daina fushi da kai, wannan gaskiya ce. In na kwanta, abin da ke dawo min ba wasiƙarka ba ce, ambulan ɗin nan ne a ƙarƙashin takardun jarrabawa.

Akwai kuma wani abu. A cikin binciken sun tambaye ni ko wane ne kai a wurina. Na ba su amsa a makon da nake cikin zafi, ina son in tsira da tafiyar ko ta halin ƙaƙa. Don Allah kada ka tambaye ni abin da na rubuta.

'Yarka,
Mai Alli


6 ga Agusta

Mai Alli,

Wa'alaikumus salam. Mun ga takardarki, mun gode Allah da kina lafiya. Na koma shan maganin. Innarki ta ce in gaya miki gaisuwarta daban take da tawa.

Na karanta zancen dattijon nan da tambayarsa sau uku. Damar ta wuce, ni na kashe ta, kuma babu takardar da za ta dawo da ita. Allah ya buɗa miki wata ƙofar da ba ta bi ta hannuna ba.

Zancen kada in tambaye ki kuwa, ba sai na tambaya ba. Ke ba ki yi aikin ofis ba, shi ya sa ba ki sani ba. In aka rufe bincike, ana aika wa mai ƙorafi kwafin rahoto, da bayanin kowa a liƙe. Ya zo ta imel ɗin shagon tun ƙarshen Yuni. Matar ta buga ta kawo min har gida da kanta, ta ƙi karɓar ko sisi, ta ƙi haɗa ido da ni. Daga nan na san ta karanta.

Kin rubuta cewa ni wani tsoho ne, dangi na nesa ta wajen mahaifiyarki, na daɗe da barin aiki, ba ni da masaniya a kan karatunki ko aikinki, kuma ba da yawunki nake magana ba.

Kada ki sa wannan a ranki. A matsayina na tsohon ma'aikaci nake gaya miki, amsar ta yi daidai. Da ni aka ba in tsara miki ita don a wanke ki, haka zan tsara, ba zan ƙara ko waƙafi ba. Tsoho, gaskiya ne. Rashin masaniya, na tabbatar da shi da hannuna. Ban nuna wa Innarki ba, kuma ba zan nuna ba.

Kalma ɗaya ce kawai na tsaya a kanta. Da yake yanzu na koyi bincikawa kafin in yi magana, sai na ɗauki fensir da takarda na zauna na bi diddigi. Kakar Ummanki da kakana wa da ƙanwa ne. Daga can sai an sauko hawa uku kafin a iso gare ki. Na duba ta kowane ɓangare ko zan samu hanya mafi kusa, babu. Nan ma ba ki yi ƙarya ba, da nisa ƙwarai. Ni ne dai ban taɓa lissafawa ba sai ranar.

Ki gaida Ummanki. Ki riƙa cin abinci.

Kawunki